Tsarabar Iska Daga Kantin Bakin Tasha

Zuwa ga Alhaji mai babban kantin bakin tasha, Gidan Rumji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kasuwa tana tafiya lafiya, na rubuto ne a kan soyayyen dankalin turawan nan na cikin leda, wanda kuka buga wa sunan kantinku kuna sayar da shi rabin kuɗin na kamfani. Ni manomin wake ne daga Gidan Sori, ban saba rubuta wa manya takarda ba. Ku ne kuka ja.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan girbi na sayar da wakena, na shiga kantinku neman tsarabar mahaifiyata. A garinmu ba a ɓoye tsaraba. Uwar gida ce take buɗe ta gaban maƙwabta, ta raba wa kowane gida rabonsa. Shekara da shekaru Inna tana karɓar dabino da alewa daga maƙwabciyarta Hajiya, wadda ɗanta ke aiki a Agadas, ba ta taɓa samun abin ramawa ba. Da na ga ledojinku sun kumbura kamar matashin kai, sai na ce bana Inna za ta fita kunya. Na ɗaure huɗu a bayan babur, har ina tsoron kada su yi mini yawa.

Ga abin da muka tarar da aka buɗe su gaban mata shida.

Na ɗaya, iska. Ledar farko ta yi fus, ta kwanta. Abin da ke ƙasanta bai cika tafin hannu ɗaya ba. Huɗun nan da aka juye ba su rufe gindin faranti ba. Alhaji, iska muna da ita kyauta a gona, ba sai mun yi tafiya mun sayo ta ba.

Na biyu, mai. Inna ta yi shekarun ƙuruciyarta tana tuyar ƙosai, daga ƙofar gida take gane man da ya kwana. Naku kuwa ya yi hijira ya dawo. Warinsa ya riga ɗanɗanonsa isa, ya manne a dasashi, ko shayi bai wanke shi ba.

Na uku, a jikin ledar kun zana barkono da albasa. Ko dai mai zanen ya cinye su ne? Gishiri kawai muka ji, irin wanda ake lasa wa awaki. Ɓantare ɗaya ya ƙone baƙi ƙirin, na kusa da shi ya yi laushi kamar tsohon kwali, sauran duk gari ne. Mai tuyar dankalin Hausa a bakin tasharku, da kaskonta da yajinta, ta fi ku sanin aiki nesa ba kusa ba, kuma ita kana ganin abin da take zuba maka.

Na huɗu, araha. Abin da aka saya aka kasa haɗiyewa, ko kyauta aka ba da shi ya yi tsada.

Matan nan sun ɗanɗana, suka yi godiya irin ta ladabi, kowacce ta tuna tana da tukunya a wuta. Inna ta ce musu hanyarmu ce ta farfasa shi. Ta san ba hanya ba ce, ni take rufa wa asiri. Na ce a watsa wa kaji, ta hana. Kwana uku tana tsakurarsa kaɗan-kaɗan tana korawa da ruwa, don kada a ce ɗanta ya kawo mata tsaraba ta zubar. Wallahi gara da zagina ta yi.

Saboda haka ina roƙonku abu biyu. Ku bar wani gefe na ledar fari, yadda mai saye zai ga abin da ke ciki kafin ya kai gida ya tara mutane. Sannan kafin ku buga sunanku a kan kowane kwali, ku buɗe leda ɗaya ku miƙa wa mahaifiyarku gaban maƙwabtanta. In kun iya tsayawa kuna kallonta tana taunawa, to ku ci gaba da sayarwa.

Allah ya ba ku kasuwa mai albarka, ya ƙara muku lafiya, ya kuma sanya muku kunya a cikin ciniki. Mu kuwa da Inna, sai wani girbin in Allah ya kai mu.

Wassalam.

Wani manomin wake, Gidan Sori.