Da Na Ɗauki Almakashi Sai Jiri Ya Ɗebe Ni

Anti, don Allah ki taimake ni, tsoro na neman ƙarasa ni. Ina koyon ɗinki a shagon wata ƙawar Mama. Na daɗe ina kalmasa da sa maɓalli, kwanan nan uwar ɗakina ta fara ba ni yanka. Tun daga nan kaina bai sake zama daidai ba. Da na shimfiɗa yadin mutane, na jera allurai a baki yadda take yi, na ɗauki almakashi, sai gabana ya faɗi, ƙeyata ta ɗaure tamau, shagon ya soma juyawa. Rannan sai da na dafa keken ɗinki. Abokan aikina suka yi ta tsokanata wai almakashi ya fi ƙarfina, na yi yaƙe kawai.

Anti, Babana da ciwon kai ya fara, muna ta cewa gajiya ce, har muka rasa shi. Ban gaya wa Mama ba, don ko ambaton ciwon kai aka yi sai ta bar ɗakin. Kullum a ɓoye nake haɗiyar magani. Ba na iya karyawa, ruwa ma ba na sha a shago, saboda makullin banɗaki na hannun maigadi, ni kuma kunyar tambaya nake ji. Ciwon Baba ne ya dawo kaina? Ko in bar ɗinkin?

Mai Koyon Ɗinki

'Yata, Allah Ya jiƙan Baba. Tsoronki yana da dalili, amma ki lura: ciwon nan yana jira ne sai kin ɗauki almakashi. Fargaba takan ɗaure jijiyoyin wuya da muƙamuƙi, ta rikita numfashi, sai ciwon kai da jiri su biyo. Ke kuwa ga allurai kin datse da haƙora, ga yunwa, ga ƙishirwa. Yawan shan maganin ciwon kai ma yakan dawo da ciwon.

Duk da haka ba na so ke ma ki ce gajiya ce ki zauna. Ki je asibiti cikin makon nan a duba hawan jini, ƙarancin jini da idanunki. Ki faɗa wa likita labarin Baba, da maganin da kike sha, da faɗuwar gaban nan, don ita ma ana maganinta. In ciwo mai tsanani ya zo farat ɗaya, ko gefen jiki ya mutu, ko harshe ya karye, ko kika suma, kada a jira gobe.

Kada ki bar ɗinki. Ki karya kumallo, ki sha ruwa, ki karɓi makullin nan, don ku aka ba maigadi shi. Allurai su koma cikin gwangwani. Ki roƙi uwar ɗakinki ƙyallayen da suka ragu ki riƙa gwada yanka, har hannunki ya faɗa.

Mama kuwa, ki gaya mata yau. Abin da zai fi yi mata ciwo shi ne a ɓoye mata har lokaci ya sake ƙurewa. Ku tafi asibitin tare. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa wa hannunki albarka.