Oba-oba a Dajin Falgore

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya zaman Ikko?

Ruwa ya tafi da gada, na maƙale a wajen gadinmu cikin daji, ga Hadizata a Kiru ta shiga watan haihuwa. Oba-obar aiki kaɗai gare ni. In na ƙara mata ƙarfi, muryata takan kai ofishinmu na Tudun Wada, amma batir ba ya jurewa. In na rage, ba mai ji na sai birai. Kullum nakan ƙara, in tambaye su ko an aiko ta sauka, a ce tukuna, in kashe ana tsakiyar gaishe ni. Abin yana ci mini rai.

Wani makiyayi zai haye da takardar nan. A taya mu addu'a. Ka gaida kowa a tsanake, a takarda gaisuwa ba ta cin batir.

Ƙaninka,
Habu