Inna, Ba a Gida Kike Kwance Ba

Malbaza, tsakiyar damina.

Inna,

Bayan gaisuwa da addu'a, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin sauƙi. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Ko da kina da rai ma ba da idonki kike karanta takarduna ba, malamin lakwal, na makarantar boko, kike kai wa ya karanta miki, ki dawo gida kina rantsuwa ya cinye rabi. Yanzu ko shi ba zai iya ba. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji wata huɗu ke nan, kuma ke ta shafa.

Bari in fara da mai daɗi. Surukarki Ramatu ta sauka lafiya, mace muka samu. Sunanki na sa mata, muna kiranta Uwani. Ta ɗauko goshinki, ta ɗauko faɗanki, in nono ya yi jinkiri duk layin gidajen ma'aikata sai ya sani. Ruwa ya sauka a Illela, an shuka gonarki ta bayan gari, gero ya wuce gwiwa. Jar akuyarki ta haifi biyu.

To, ga maganar. Inna, ba a gida kike kwance ba. Ba ki isa can ba. Ni ne ban kai ki ba.

Kin tuna motar. Ba ki taɓa ganinta ba, don lokacin ciwo ya riga ya kwantar da ke a ɗakin Ramatu, amma kin ji ta. Ranar da na shigo da ita kin aiko a tambaye ni ko injin niƙa na sayo, in haka ne kina da dawa. Na zo bakin ƙofa na yi miki bayani da ƙafafa, na ce wannan ba irin motocin da kika sani ba ce, ba ta shan isansi, wato fetur, gazuwal take sha kamar manyan motocin siminti. Kika ce to Allah Ya sa ta fi ki lafiya, don tarinku iri ɗaya ne.

A hannun wani Bature na saye ta, mai gyaran injuna a kamfaninmu na siminti, da zai koma ƙasarsu. Fara ce, doguwa, mai ƙofa ta baya, ta sha hanya amma ba ta ji jiki sosai ba. Ranar da zai miƙa mini ita ya zagaya da ni yana ta bayani, yana nuna nan yana nuna can. Ni kuwa idona na kan makulli. Ina ta gyaɗa kai kamar ina fahimta. Kin san halina tun ina ƙarami, gara in ɓata da in ce ban san hanya ba. A bayan motar na tarar da wata siririyar sanda da aka yi wa zane-zane da wuƙa, tana warin mai. Na ɗauka shara ce, na ba Ramatu ta iza wuta da ita.

Ba zan ɓoye miki ba, kwana ukun farko da na yi da ita na ji daɗi. Ba a tashinta da gaggawa. Sai na murɗa makulli rabi, in zauna ina kallon wata 'yar waya a gabana har ta yi ja, sannan in tayar. In ta tashi duk jikinta rawa yake, har haƙorana. Baƙin hayaƙi ya fito ta baya, kaji su watse. Wajen ɗagawa nauyin jiki gare ta, mai keke ma yana riga ni barin wuri, amma in ta kama hanya ba ta san gajiya ba, ko yashi ta shiga sai ta yi gurnani ta fita. Rigunana duk suka ɗauki warin gazuwal, ni kuwa a lokacin ƙanshi nake ji.

Abin da ya fi burge ni allurar da ke nuna mai. Na je Konni na dawo, tana sama da rabi. Na kwashi abokan aiki na kai su bakin iyaka, muka ci tsire muka dawo, tana nan inda take. Na sake komawa Konni ran Lahadi ba don komai ba sai don a gan ni. Duk wanda ya shiga sai na nuna masa ita da yatsa, in ce ya duba, wannan mota shaƙar mai take yi, ba sha ba. Kina kwance kina tari, ni ina can ina nuna wa mutane allura.

Daren wannan Lahadin ne, ko da yammarta, ban riƙe ba, kika sa aka kira ni. Kika ce akwai alkawari tsakaninki da ƙawarki Gwaggo Dije tun kuna amare a gari ɗaya: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Kika ce likkafaninki ma yana cikin adakarta. Ba ki roƙe ni komai ba a duniya sai wannan, in ta Allah ta kasance a nan Malbaza, in kai ki hannun Dije. Na yi dariya don in kore maganar. Na ce to motar ta mece ce? Illela ai nan da can ce.

Ran Litinin bayan asuba kika cika. Na je buro, ofishinmu, na buga waya Illela, aka sami mai keke ya kai wa Gwaggo Dije saƙo cewa muna tafe kafin azahar. Muka kwantar da kujerar baya, muka shimfiɗa katifarki, muka lulluɓe ki da zanen nan naki mai ruwan bula. Cikin Ramatu ya tsufa, ba ta iya zuwa. Maƙwabcinmu Malam Sule ya zauna a gefena. Ke ce mace ta farko da ta shiga motar nan, Inna.

Sannu a hankali nake tafiya, ina kauce wa kowane rami. Na san ba ki jin gargada, amma ƙafata ta ƙi yarda. A mararrabar Tsarnawa, inda hanya ke juyawa arewa, akwai masu sayar da gazuwal. Malam Sule ya ce ko za mu ƙara. Na nuna masa allura.

Ba mu kai Badagishiri ba motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Ta gangara da kanta ta tsaya a bakin wani ƙaramin ƙauye. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Allura tana sama da rabi. Na ƙwanƙwasa gilashinta, ba ta motsa ba. Na fita na jijjiga motar, na kara kunne a tanki, ko motsin ɗigo babu. Allurar ta daɗe da mutuwa. Sandar da na ba Ramatu, da ita Baturen yake auna mai. Na tabbata ya faɗa mini.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce rashin sani ne. Ki saurari sauran.

Ba a jima ba sai ga motar siminti za ta garin Tawa. Direban ya san ni, kullum yana zuwa buro karɓar takarda, yana cire hula in ya shigo. Da ya ga abin da ke bayan motar ya yi salati, ya ɗauko tiyo, ya zuƙo gazuwal daga tankinsa da bakinsa ya cika mana garwa, muka juye a tankinmu. Ya ce in mun yarda a ɗora ki a kan buhuna ya kai mu har mararrabar Illela, can ba a rasa abin hawa. Na dubi buhunan nan masu ƙura, na ce uwata ba za ta hau siminti ba ina da mota. Sai ya tambaye ni ko na iya fitar wa motar da iska. Ban san abin da yake nufi ba. Wallahi ban sani ba. Amma mutanen ƙauye sun taru, Malam Sule na tsaye, ga ni da rigar buro. Na ce na iya. Ya yi mana ta'aziyya, ya hau, ya tafi.

Me zai rage ni da na ce ya nuna mini? Wa zai yi mini dariya a gaban gawar uwata?

Na jira waya ta yi ja, na murɗa. Ta yi kuka, ba ta tashi ba. Na sake. Na sake. Na yi ta murɗawa har batir ya mutu, ko kukan ma ta daina. Mazan ƙauyen suka tura mu gaba, suka tura mu baya, kina ciki, har rigunansu suka jiƙe. Kin san zafin bazara a wannan hanya. Wata motar 'yan kasuwa ta zo cike da mutane har saman, direban ya ba mu haƙuri ya wuce. Bayanta babu wadda ta biyo. Aka yi azahar. Limamin ƙauyen ya ja ni gefe, ya yi mini magana da taushi, ya ce rana ta yi yawa, kuma haƙƙinki ne a gaggauta. Na dubi Malam Sule, ya sunkuyar da kai. Na ce to.

Mata suka shiga da ke gidan wata tsohuwa, sunanta Hajo. Ba ta san ki ba, ba ta san sunanki ba sai da ta aiko a tambaye ni. Da aka rasa likkafani ta buɗe tukunyarta ta fiddo wanda ta ajiye wa kanta. Sahu biyu muka yi miki salla. Ban san kowa a cikinsu ba sai Malam Sule.

Ga inda kike, don ki sani. Gabas da ƙauyen ne, a kan ɗan tudu, ƙasar ja ce mai tsakuwa. Akwai kalgo a wajen kanki. Daga nan ana jin wucewar manyan motoci. Mutanen kirki ne, sun zagaye wurin da ƙaya saboda awaki.

Washegari makaniki ya zo daga Malbaza da batir. Ya sassauta wani ɗan ƙusa, ya yi ta danna wani abu da babban yatsa har kumfa ta gama fita mai ya biyo, ya ɗaure. Ya ce irin wannan mota in ta shanye manta ƙaf sai iska ta shiga hanyar mai, kuma ko an cika tanki ba ta tashi sai an fitar. Aikin bai kai shan shayi ɗaya ba. Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya bari.

A gida na ce wa mutane mota ce ta lalace. Suka ce Allah Ya nufa ƙasarki a can take. Gaskiya suka faɗa, ni ma na yi imani da haka, amma na san na ɓuya a bayan maganar. Duk kwanakin zaman makoki ban yarda mun haɗa ido da Gwaggo Dije ba.

Sai watan jiya na kasa daurewa. Na je Illela na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata duka, da allura, da sanda, da direban da na sallama. Ta miƙe. Ta buɗe adaka, ta ɗauko likkafaninki a ƙunshe, ta yafa mayafi, ta fita ta tsaya a jikin motar. Ba ta taɓa shiga ƙaramar mota ba, sai da na nuna mata inda za ta sa ƙafa. Na kai ta ƙauyen. Ta shiga gidan Hajo, ni na tafi gindin kalgo na zauna wurinki. Ba ta fito ba sai la'asar, hannunta babu ƙunshin. Ta bar wa Hajo naki a madadin nata.

A hanyar komawa ta yi magana. Ta ce ta tambayi matan komai, ɗaya bayan ɗaya, kuma sun kyauta. Sun fara ta dama. Sun sa ganyen magarya. Sun suturta ki yadda ya kamata, sun yi miki kitso uku. Ta ce ita ma iyakar abin da za ta yi ke nan, in kwantar da hankalina. Muka ci gaba da tafiya har muka yi nisa. Sannan ta ce abu ɗaya ne kawai, da ruwan rijiya suka yi miki, yadda aka ɗebo shi. Ba laifinsu ba ne, ba su sani ba. Ta ce ita a ranar tun hantsi tukunya na kan wuta, tana ƙara itace tana leƙen hanya har rana ta faɗi, don tun da kika haife ni ruwan sanyi bai taɓa jikinki ba, ko da bazara.

Na sani, Inna. Wa ya fi ni sani? Shekara nawa ina ɗauko miki kara don ruwan wankanki? Ina bakin ƙofar gidan Hajo lokacin da matan suka wuce da tuluna. Sun gifta ta gabana. Kaina na cikin injin mota, ina taɓa wayoyin da ban san aikinsu ba. Kalma ɗaya ta isa su ɗora tukunya.

Na tambayi malamai biyu, duka sun ce mamaci ba ruwansa da zafin ruwa ko sanyinsa, wankanki ya yi. Na yarda da su. Amma na tsayar da motar a gefen hanya a ranar, na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba ran da kika rasu, Gwaggo Dije na bayana tana ce mini ya isa.

Ki yafe mini rashin kai ki gida. Ki yafe mini ruwan. Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata miki inda kike, Ya saka wa Hajo da alheri. Sai mun zo.

Ɗanki,
Mamman