Ƙorafin Mai Ƙanƙara da Hujjarsa Ta Narke

Zuwa ga: Mai girma Dakta Yaneth Cahuache,
Shugabar Ofishin Koken Ƙananan 'Yan Kasuwa, Leticia, Kolombiya.

Daga: Wílmer Ahuanari, mai amalanken ƙanƙara da lemo, bakin iyaka.

14 ga Maris, 2024

Game da: Diyyar da ta maƙale taku arba'in daga amalankena

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma:

1. Daga Yuni 2021 zuwa Agusta 2023, masu kamfanonin ƙanƙara uku, biyu a nan, ɗaya a Tabatinga ta Brazil, sun haɗa baki suka ninka farashi. Hukuma ta kama su, ta ci su tara. Ina taya gwamnati murna, Allah ya sa ta ci lafiya.

2. Ɗan kawuna Josimar yana sayar da irin kayana taku arba'in daga wurina, amma a ɓangaren Brazil. Dokarsu ta ce a biya wanda aka cuta ninki biyu. Lauyansa har murmushi yake yi masa. An ce a Amurka ninki uku ne, to ni ko tashar mota ba a taɓa raka ni can ba.

3. Ni kuwa, ranar 6 ga Fabrairu lauya ya ce sai dai asarata cif, kuma in kawo rasit na kowane ƙulli. Ranki ya daɗe, kin san yadda ake yi: ka biya, a miƙo maka kwandala ta roba, shaidar biya, ka ba mai sarar ƙanƙara, ya mayar da ita aljihu. Takarda a jiƙaƙƙen hannu? Hujjata ta narke, rabi a cikin 'yan makaranta, rabi a kwata.

4. Amalanken na kakata ne, Doña Ercilia, shekara talatin tana tura shi. Na jinginar da shi don kada in ƙara wa yara kuɗin kofin lemo. Wa'adin fansa 30 ga Afrilu. Ba ta sani ba, kullum da safe sai ta goge shi.

Don haka ina roƙon a tilasta wa kamfanonin fito da littafin cinikinsu, a karɓi shaidar masu sarar ƙanƙara. In hakan ya yi wa doka nauyi, a taimaka a matso da iyakar taku arba'in da ɗaya. Ni zan kawo fentin shata layin.

Naki cikin ladabi,
Wílmer Ahuanari