Sallama ta Uku a Ƙofar Ɗana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ɗana Sadisu. Bayan gaisuwar da addini ya ɗora mini, wadda ba domin shi ba da ban yi ta ba, ina sanar da kai cewa na zaɓi in rubuto maka a nan, inda jama'a ke karantawa, tunda kiran waya ya zama abin da ba ka amsawa.

Ka tuna ranar da ka zo Abakpa ka share tsarin da na saba da shi a kwamfutata, ka ɗora mini wannan na kyauta, wanda ka ce kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Ka ce, "Baba, yau ka samu 'yanci." Na gaskata ka, domin ban san ɗa yana yi wa mahaifinsa zaƙin baki irin na dillalai ba.

A makon jiya aka ɗauke wuta, kwamfutar tana tsakiyar sabunta kanta. Da na sake kunnawa, babu hoto, babu alamomin da nake dannawa, sai baƙin allo da ɗan layi yana ƙiftawa. Na aika aka kira Rifkatu, 'yar maƙwabcinmu Yohanna, wadda ke kula da kwamfutocin ma'aikatarsu. Ta shiga da sunana, ta duba, ta ce gyaran umarni ɗaya ne, wanda ake farawa da kalmar sudo, wato neman ikon mai gida.

Ta rubuta. Na'urar ta amsa cewa sunana ba ya cikin masu iko, kuma za a kai ƙarar wannan yunƙuri. Na tambaye ta wurin wa za a kai ƙarata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba Malam, wurin Sadisu."

Ashe ɗaki biyu ka yanka a ciki. Ka ba ni na baƙi, ka kulle na mai gida, ka tafi da mabuɗi. Mutumin da ya koya maka alifi shi ka ga bai isa a ba shi amanar na'urarsa ba. Wannan ne 'yancin?

Da rubuce-rubucena kaɗai abin ya shafa, da na ƙyale ka da halinka. Amma ka san abin da ke cikin ɗakin naka. Muryar mahaifiyarka ce, karatun da ka naɗa tana biya wa matan unguwa kafin ciwo ya kwantar da ita. Ranar sadakar uku ka ce mini, "Suna ciki, Baba, in na dawo zan fito maka da su." Ba ka dawo ba. Ni kuwa muryar ta fara ɓace mini.

Rifkatu ta ce tana iya tayar da na'urar da filashi, ta kewaya ta baya, ta kwaso komai ba tare da kalmar sirrinka ba. Na gode mata, na ce a'a. Na tsufa ina karantar da mutane cewa ba a shiga wurin da mai shi ya kulle sai da izininsa, kuma sallama uku ce, in ba a amsa ba a juya. Ba zan haura katangar ɗana ba, ko da a cikin gidana ya gina ta.

Na yi ta farko a waya. Na yi ta biyu ta bakin yayarka. Wannan ce ta uku, kuma ka san hukuncin abin da ke bayanta.

Kana ƙarami ka taɓa yin fushi ka kulle kanka a ɗaki. Na ɗauko guduma. Mahaifiyarka ta hana ni, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar tana karatu a hankali, har ka zare sakata ka fito ka kwanta a cinyarta. Ita ce mai wannan haƙurin, Sadisu, ba ni ba. Kuma ita ɗin ce ka kulle a ciki.

Kada ka rubuta kalmar sirrin a nan, idanu sun yi yawa. Kada kuma ka turo ta a saƙo. Ka kira ni, in ji ta daga bakinka.

Allah Ya gafarta wa mahaifiyarka, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya tausasa zuciyarka, kuma kada Ya kama ka da fushina, domin ko a yau ban kai ƙararka gare Shi ba.

Wassalam.

Mahaifinka, yana tsaye a bakin ƙofa.