Baba Ya Ji Jawabin da Kunnensa

Baffa,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Yaya aiki, yaya zaman Abijan? Ina fatan Inna Rabi da yara suna lafiya.

Tun da kuka ɓata da Baba kan jawabin nan da minista ya yi da Faransanci, bai ƙara ambaton sunanka ba. Amma da damina ya ce in koya masa Faransanci da littattafaina na lakwal, wato makarantar boko, don ya gaji da jin magana ta bakin mai fassara. In ya rufe shago sai ya zauna yana bin layi da yatsa.

Ranar Juma'a ya saurari jawabin duka a waya, yana tsayarwa yana tambayata. Da ya gama sai ya ce, "Hadiza, ashe tashar rediyon da nake ji rabi ta ba ni, ta Baffanki ta ba shi ɗaya rabin." Jiya har ya tambayi Mama ko lambarka ta canza.

Baffa, in ya kira, don Allah ka ɗauka. A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Ka yarda in sake rubuto maka?

'Yarka,
Hadiza
Yantala, Yamai