Na Zare Masa Kwamfuta Na Jona Fanka, Jibi Zai Dafa Alƙur'ani

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Aliero, ɗiyata guda, wata tara gare ta. A aji huɗu na firamare na tsaya. Maigidana aikin kwamfuta yake yi, shi ya haɗa wa wata ƙungiyar manoman albasa shafin da suke rajista ta waya, da suna da lamba da hoto. Ban san boko ba, amma ina da ido. Na san in aikinsa ya yi kyau rubutu kore yake fitowa, in ya ɓaci ja. Sau ɗaya tak ya taɓa yi mini bayani, ya ce akwai wani abu a ciki mai kamar tafinta, shi yake juya rubutunsa yadda tsofaffin wayoyin ƙauye za su iya buɗe shafin. Da na ƙara tambaya sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki, wanga ba tuwo ba ne."

Wata Juma'a cikin zafin bazara ya tashi hankali tashe. Wai an sanar cewa ɓarayi sun lalata tafintan da yake amfani da shi, duk abin da ya fassara sai ya bar musu ƙofa, dole a sauke sabo. Ya jona kwamfutar a batirin solarmu, ya ce zai je kasuwar Jega ya dawo. "Maman Hanifa, ko gidan ga na ci da wuta kar ki taɓa ta." Soket ɗaya ke gare mu. Da azahar jikin yarinya ya yi zafi rau, tana ta kuka, ɗakin kwano kamar tanda. Na yi fifita har hannuna ya sage, na kira shi sau uku bai ɗaga ba. Wace uwa ce za ta zauna tana kallon layi yana tafiya a gilashi ɗiyarta na shiɗewa? Na zare, na jona fanka. Batirin kwamfutar dama ya daɗe da mutuwa, nan take ta ɗauke. Da yarinya ta yi barci na mayar na kunna, wani ɗan akwati ya fito da Turanci, na danna abin da hannuna ya kai. Jan rubutu ya gilma, ya ɓace. Na gan shi, wallahi na gan shi.

Da la'asar ya shigo a gajiye, yana cire takalmi ya ce, "Ta gama?" Na ce, "Ta gama." "Kore kika gani?" Na ce, "Kore." Bai duba ba, ya tura aikinsa, ya ci abinci.

Bayan sati uku aka fara kiran manoma da sunayensu, ana cewa daga ƙungiya ne, ashe ɓarayi ne. Wani dattijo a Sabiyal ya loda albasar da ya wahala a kanta tun daga dashe, ya bi da ita inda aka ce masa, har yau babu labarin albasar ko kuɗinta. Yanzu a gari cewa ake maigidana ne ya sayar da sunayen mutane, ko kuma ya yi sakaci. Ranar nan a wurin suna wata ta dube ni ta ce, "Matar injiniya, lambar wa za a sayar yau?" Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe.

Shi kuwa ya tsaya kai da fata cewa ya sabunta abinsa. Dattawan ƙungiya sun ce to, jibi bayan sallar Juma'a ya dafa Alƙur'ani a gabansu. Ya amince da murnarsa, har ya ce in wanke masa farar riga. Jiya yana ce wa mahaifiyarsa, "Inna, kwantar da hankalinki, Maman Hanifa na gida, da idonta ta gani."

Abin da ke ƙona mini rai, da ya ɗauke ni mutum ya nuna mini ko sau ɗaya, da na san girman abin. Da ya ɗaga wayata fa? Da ya duba da kansa, shi mai ilimin? Shekara uku ban isa a yi mini bayani ba, sai yau na isa shaida? Amma ƙaryar tawa ce, wannan ba ni da wanda zan ɗora wa.

In na faɗa, zai tsaya gaban dattawa ya ce matarsa ce ta jawo, kuma na san ranar zan kwana gidanmu a Maiyama da goyo. In na yi shiru, uban ɗiyata zai ɗora hannu a kan Littafin Allah bisa maganar da na san ƙarya ce, ina tsoron abin da zai biyo baya ya faɗa kansa ko kan yarinyar nan.

Rigar tana kan igiya, ta kusa bushewa. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?